Fayil ɗaya ya ɓace, shafi ya tsaya cak

Da sassafe saƙon ya shigo mini, haɗe da hoton allon waya. "Malam, barka da asuba. Don Allah a duba mana shafi, tun cikin dare ya ƙi buɗewa, ga shi jibi za mu rufe rajista." Mai saƙon malama ce da ke jagorantar wata ƙaramar ƙungiyar masu koyar da darussa ta intanet. Shafin nasu ba wani babba ba ne: bayanin darussa, kalandar azuzuwa, sai fom ɗin da ɗalibi zai cike ya yi rajista. Ba ni na gina shi ba. Wanda ya gina ya koma wani aiki, ni kuma 'yan makonni ke nan da aka miƙa mini kalmomin sirri, ban kai ga zama na bi shafin lungu-lungu ba.

A hoton babu komai sai farin allo da layi ɗaya na Turanci: "There has been a critical error on this website." Duk mai hulɗa da WordPress, manhajar da aka gina shafin a kanta, ya san wannan layi. Kafin sigar 5.2 da ta fito a 2019, ko shi ma ba a samu, farin allo ne fayau babu ko harafi. Daga wannan siga ne aka sa WordPress ya riƙa tare mummunan kuskure, ya nuna wa baƙi gajeren saƙo, sannan ya aika wa mai shafi imel ɗauke da sunan fulogin ɗin da ya jawo matsalar, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi don wani aiki, da wani mahaɗi na musamman da zai shigar da shi ya gyara. Saboda haka abin da na fara tambayarta shi ne imel.

"Malama, a duba akwatin imel na shafin, har da wurin da tarkacen saƙonni ke faɗawa."

Ta duba. "Babu komai, Malam. Kai, tun jiya da yamma ma babu saƙon da ya shigo."

Na ɗauka adireshin tsohon mai kula da shafin ne ke ciki, na wuce. Ashe a nan amsar ta fara leƙowa.

Shafin yana zaune ne a masaukin haɗaka, wato irin hayar da kamfani ke raba kwamfuta ɗaya mai ƙarfi, saba, tsakanin ɗimbin masu shafuka. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa: kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma mai gida ne ke yanka wa kowa iyakar abin da zai ci, don kada mutum ɗaya ya danne sauran. Akwai iyakar girman ajiya, akwai iyakar ƙwaƙwalwa, akwai iyakar daƙiƙun da aiki ɗaya zai ɗauka kafin a katse shi. Na shiga cPanel, allon da ake sarrafa asusun masaukin daga cikinsa, na kalli ma'aunin girman ajiya a gefen allo, na ga ko rabi bai kai ba. Hankalina ya kwanta ta wannan ɓangare, ban ƙara gangarawa ƙasa da idona ba.

Allon gudanarwa na WordPress shi ma a rufe yake, saƙo iri ɗaya. Sai na bi hanyar da aka saba. Na sauke wp-config.php, fayil ɗin saitunan WordPress, ta FTP, hanyar aika fayiloli tsakanin kwamfutata da sabar, na kunna WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG, na kashe WP_DEBUG_DISPLAY don kada baƙi su riƙa ganin asirin shafin a allo, na mayar da shi. Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne, da zarar an sake buɗe shafin, sabon fayil mai suna debug.log ya bayyana a foldar wp-content da cikakken bayanin kuskuren. Na buɗe shafin sau uku. Fayil bai bayyana ba. Na sake karanta abin da na rubuta harafi-harafi, babu kuskure. Wannan ita ce alama ta biyu, ita ma na ajiye ta gefe, domin a daidai lokacin na hango wani tsohon fayil mai suna error_log a babbar foldar shafin, wanda sabar ke zuba kurakuran PHP a cikinsa tun da daɗewa. Na buɗe ƙarshensa, sai ga layuka biyu suna maimaita kansu tun tsakar dare. Na farko yana cewa "Failed to open stream: No such file or directory", na biyu kuma "Failed opening required", dukansu suna nuni ga wuri ɗaya a cikin foldar fulogin ɗin fom: vendor/composer/autoload_real.php.

Ya kamata in ɗan tsaya a nan, don mutane da yawa kan yi mamakin yadda rashin fayil ɗaya a cikin dubbai zai kwantar da shafi gaba ɗaya. A harshen PHP, wanda da shi aka rubuta WordPress da fulogin ɗinsa, hanya biyu ce fayil ke kiran ɗan'uwansa. Idan da include aka kira shi ba a same shi ba, gargaɗi kawai za a rubuta, aiki ya ci gaba. Idan kuwa da require ne, to ma'anarsa babu tafiya sai da shi, komai ya tsaya nan take. WordPress kuma a duk lokacin da wani ya buɗe shafi, sai ya tada duk fulogin ɗin da ke kunne tukuna kafin ya nuna ko hoto ɗaya, har a allon gudanarwa. To idan ɗaya daga cikinsu ya faɗi a bakin ƙofa, babu mai wucewa. Shi wannan fayil da ya ɓata ba ƙaramin ma'aikaci ba ne. Masu rubuta fulogin da yawa suna aro ɗakunan karatu na wasu ta hanyar Composer, su tara su a folda mai suna vendor, kuma wannan fayil yana cikin waɗanda ke nuna wa fulogin inda kowane abin aro yake. Ba shi, fulogin ya makance.

Matakin gaggawa mai sauƙi ne. Na sauya wa foldar fulogin ɗin suna, na ƙara mata "-tsoho" a ƙarshe. WordPress ya neme ta da sunanta na da bai gani ba, ya tsallake ta, shafi ya buɗe. Bayanin darussa ya dawo, kalanda ta dawo, sai dai inda fom yake babu komai illa ɗan gajeren rubutu mai kama da lamba.

Malamar ta kira ni cikin murna, ta ce ita ma ta samu shiga allon gudanarwa. Sai ta ƙara da abin da ya sa gabana ya faɗi: "To Malam, tunda fulogin ɗin ne ya lalace, in ya dawo ba sai in goge shi kawai in sa sabo ba?"

"A'a Malama, don Allah kada a taɓa maɓallin gogewa."

Dalilin wannan roƙo nawa ya cancanci kowane mai shafi ya san shi. Goge fulogin daga allon gudanarwa daban yake da cire foldarsa ta FTP. Idan ka danna gogewa a allo, WordPress yakan ba fulogin damar share bayansa, ta fayil ɗin uninstall.php ko makamancinsa, kuma wasu fulogin ɗin a nan suke kwashe teburansu daga rumbun bayanai. A wannan shafi, teburan nan su ne sunayen duk ɗaliban da suka yi rajista. Cire folda kuwa ba ya taɓa rumbun bayanai ko kaɗan. Kafin in ƙara motsawa, na shiga phpMyAdmin, manhajar sarrafa rumbun bayanai, na fitar da kwafin rumbun gaba ɗaya zuwa kwamfutata. Daga baya na gode wa Allah da na sauke shi kai tsaye, ban ce a ajiye shi a sabar ba, don da ba zai ajiyu ba.

Na sauke sabon kwafin fulogin ɗin daga rumbun WordPress.org, na warware shi a kwamfutata, na jera shi kusa da na sabar. Nan na gane ba fayil ɗaya ne ya ɓata ba. Shi dai ne na farko da aka nema. Foldar composer tana nan amma wayam, wasu foldoji ma babu su sam. Waɗanda suka rage kuma duk lokaci ɗaya ke jikinsu, minti ɗaya ko biyu a tsakar daren jiya, kuma lambar sigar da ke saman babban fayil ɗin ta sabuwar siga ce. Ba mutum ne ya yi wannan ba. Sabuntawa ce ta kai-da-kai, wadda WordPress ya kawo wa fulogin tun sigar 5.5 a 2020, ta fara aiki ta yanke a tsakiya.

A nan na yi kuskuren da ya ci mana kusan awa biyu. Na gamsu da cewa sabuntawa ta yanke, ban tambayi abin da ya yanke ta ba. Na ce wataƙila lokaci ne ya ƙare mata, tunda PHP a bisa asali daƙiƙa 30 yake ba kowane aiki, kuma a masaukin haɗaka hakan kan faru idan maƙwabta sun cika sabar da nauyi. Na ja sabuwar foldar na jefa a FileZilla, manhajar da nake FTP da ita, na ga jerin gwanon fayiloli yana raguwa har ya ƙare, na kunna fulogin. WordPress ya ƙi, ya ce kunna shi zai jawo mummunan kuskure. Na duba bayanin kuskuren: rashin fayil ne dai, amma wani fayil daban, a wata folda daban.

Idan ka mayar da abin da ya ɓata kuma ya sake ɓata, dole ka fara zargin akwai mai ɗauka. Zargina na farko ya tafi kan manhajar binciken ƙwayoyin cuta da kamfanonin masauki ke sakawa, domin wani lokaci takan ga fayil mai lafiya ta ɗauke shi a matsayin mugu ta killace shi. Na duba jerin abubuwan da aka killace, babu komai. Na duba izinin fayiloli, ko an hana sabar karanta su: foldoji 755, fayiloli 644, daidai yadda ake so. Da ma saƙon zai ce an hana izini ne, ba zai ce babu fayil ba. Na duba manya da ƙananan haruffa, saboda Linux, wanda akasarin waɗannan sabobi ke gudana a kansa, yana ɗaukar Form.php da form.php a matsayin abubuwa biyu, alhali Windows ba ya bambanta su, kuma wannan kan kama wanda ya gina shafi a kwamfutarsa ya ɗora daga baya. Nan ma ba shi ba ne. Fayil ɗin babu shi ne kawai, da kowane irin harafi.

Sai na koma FileZilla na kalli ƙasan allo da kyau. Akwai shafuka uku a wurin: masu jiran layi, waɗanda suka gaza, waɗanda suka isa. Ni na farko kawai na kalla, na ga ya zama wayam na ɗauka an gama. Na danna na tsakiya, sai ga fayiloli jere reras, fiye da waɗanda suka isa. Na hau sama cikin bayanan da sabar ta riƙa mayarwa, amsa ɗaya ce ke maimaituwa: "Disk quota exceeded." Wato an wuce iyakar ajiya.

Amma ai na gani da idona, ajiya ko rabi ba ta kai ba. Na koma cPanel, wannan karon na gangara har ƙasan jerin ma'aunai. Can ga wani layi da ke ƙirga yawan fayiloli, ya cika maƙil, ya rikiɗe ja.

Wannan ma'auni shi ake kira ainod, kuma shi ne ainihin labarin. A Linux, kowane fayil da kowace folda suna da ɗan katin shaida guda ɗaya da ke riƙe da bayaninsu: mai shi, izininsa, girmansa, da inda yake kwance a faifai. Fayil mai harafi ɗaya kati ɗaya yake ci, bidiyo na awa uku shi ma kati ɗaya. Kamfanonin masaukin haɗaka sukan yanka wa kowane asusu adadin katunan da zai riƙe, har da masu tallar cewa ajiyarsu ba ta da iyaka, domin tarin ƙananan fayiloli yana wahalar da sabar wajen yin kwafin ajiya da bincike fiye da 'yan manyan fayiloli. Idan katunanka suka ƙare, ko da fili ya rage maka fal, ba ka isa ka ƙirƙiri sabon fayil ba. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, saƙon da Linux ke bayarwa iri ɗaya ne ko girman ajiya ka cika ko yawan fayiloli.

Da na gane haka, duk abubuwan da na yi ta tsallakewa tun safe suka hau layi ɗaya. Fayil ɗin debug.log bai bayyana ba saboda sabo ne, yana bukatar kati. Gyaran wp-config.php ya yiwu saboda tsoho ne, rubutu kawai aka sauya a cikinsa. error_log ya ci gaba da karɓar bayani saboda da ma yana nan. Sauya sunan folda ya yiwu saboda ba ya cin sabon kati. Imel kuwa, adireshin mai gudanarwa na kan sunan shafin ne, akwatinsa yana cikin wannan asusu, kuma a irin tsarin da aka fi amfani da shi kowane saƙo fayil ne mai zaman kansa. Babu kati, babu saƙo. Malamar ta faɗa mini wannan tun a minti na biyar, da ta ce tun jiya da yamma ba abin da ya shigo.

Na zauna na sake gina abin da ya faru a daren. Shafin yana kan wata tsohuwar sigar WordPress, ƙasa da 6.2, don wanda ya gina shi ya tsayar da sabunta uwar manhajar saboda tsoron kada fasalin shafin ya wargaje, amma ya bar fulogin suna sabunta kansu. A waɗancan sigogi, sabuntawa takan sauke ƙunshin ZIP, ta warware shi a foldar wp-content/upgrade, ta goge tsohon fulogin, sannan ta kwafe sabon zuwa gurbinsa fayil bayan fayil. Ka ga akwai ɗan lokacin da tsohon ya tafi, sabon bai gama zama ba. Asusun yana ta kai-komo a bakin iyaka tun yamma, wani lokaci ya cika, wani lokaci a samu ɗan sarari idan wasu fayilolin wucin-gadi suka share kansu. A cikin irin wannan sarari aka warware ƙunshin, aka goge tsohon, ana cikin kwafe sabon katunan suka ƙare. Akwai kuma wani abu da ya ƙara tsananta lamarin.  A sabuntawar kai-da-kai, WordPress ba ya kashe fulogin ɗin kafin ya fara. Haka aka wayi gari da rabin fulogin a kunne. Ɗan sararin da ya samu bayan an share foldar upgrade kuma, kafin safe wani abu ya cinye shi.

Wannan wani abun shi na shiga nema. Kamfanin ya ba da damar rubuta umarni ta cikin cPanel, sai na yi amfani da du --inodes, wanda ke ƙirga yawan fayiloli a kowace folda maimakon girmansu. Na bi mafi yawa ina nutsewa, folda cikin folda, har na tsaya a wp-content/cache. Shi kaɗai ya ci fiye da duk sauran asusun a haɗe.

Fulogin ne na hanzarta shafi. Aikinsa shi ne, duk shafin da aka buɗe ya ajiye kwafinsa a shirye, don mai zuwa na gaba kada a sake haɗa masa daga farko. Abu ne mai kyau, kuma a masaukin haɗaka kusan dole ne. Matsalar ta fito daga haɗuwarsa da kalandar azuzuwa. Kalandar tana da maɓallin wata mai zuwa, kuma ba ta da ƙarshe: duk watan da ka buɗe, akwai na gaba da shi, kowace rana kuma da nata adireshin. Ɗan Adam zai duba wata biyu ko uku ya tafi. Manhajojin injinan bincike da ke yawo suna karanta shafuka ba sa gajiya. Na ga foldoji na shekarun da jikokin ɗaliban ma ba lallai su gani ba, kowace rana da foldarta, a ciki da kwafin shafi da kuma matsattsen kwafinsa, duk na kalanda mara komai. An kuma saita fulogin ɗin ya daɗe ƙwarai kafin ya share tsofaffin kwafi. Ba laifin kalandar ba ne ita kaɗai, ba kuma na mai hanzartawar ba. Kowannensu yana aikinsa ne, ba a dai gaya wa ɗaya ya kauce wa ɗaya ba.

Sauran masu cin katunan ba su kai wannan ba, amma sun taimaka. Akwai cikakken kwafin tsohon shafin a wata folda da aka manta da ita. Akwai akwatin imel na asali na asusun, wanda ba wanda ya taɓa buɗewa, cike da saƙonnin da suka dawo da rahotannin sabar na shekaru. Akwai kuma foldar .trash, wato kwandon shara na cPanel. Wannan ta ƙarshe tana kama mutane sosai: idan ka goge abu a manajan fayiloli ba ka zaɓi a tsallake kwandon ba, abin ya koma can ne kawai, katinsa na nan a kanka. Hotuna ma suna da nasu kason, tunda kowane hoto ɗaya da aka ɗora WordPress yakan yanka shi girma-girma, fasalin shafi ma ya ƙara nasa, amma waɗannan ana amfani da su, ban taɓa su ba.

Na rubuta wa masu kula da sabar na bayyana musu halin da ake ciki. Sun amsa da wuri, suka tabbatar da cewa iyakar ce ta cika, suka ba da shawarar a koma babban tsari mai iyaka mafi faɗi. Shawarar ba ƙarya ba ce, kuma akwai shafukan da ita ce maganinsu. Amma a nan da mun bi ta, da kalandar ta cinye sabon filin ma cikin 'yan watanni, mu dawo inda muke, wataƙila a ranar da ta fi wannan muni. Na gaya wa malamar haka, ta ce in yi abin da na ga ya dace.

Na fara da kwafin wucin-gadi, tunda shi gogewarsa ba ta da asara, ana sake haɗa shi. Na goge abin da ke cikin foldar ta hanyar umarni, don manajan fayiloli ba zai iya da wannan yawa ba. Na zubar da kwandon shara. Tsohon kwafin shafin kuwa ban goge shi da ka ba, sai da na sauke shi, na tambaye ta.

"Malama, akwai wani tsohon shafi a ciki, kuna da bukatarsa?"

"Wallahi ban ma san da shi ba. Amma a ajiye mana shi a wani wuri, kada wata rana a nema."

Ma'auni ya sauko ƙasa sosai, ya bar ja. Sannan na koma kan fulogin ɗin fom. Na cire foldoji biyun, rabin na dare da rabin da na ɗora da safe. Wannan karon ban bi ta FTP fayil-fayil ba. Na ɗora ƙunshin ZIP ɗin guda ɗaya na warware shi a can cikin sabar, hanyar da ta fi sauri kuma ta fi aminci, domin fayil ɗaya ne zai ratsa intanet ba ɗaruruwa ba. Ban kuma yarda da idona ba a karo na biyu. Na yi amfani da WP-CLI, kayan aikin sarrafa WordPress ta rubutaccen umarni, na ba da umarnin wp plugin verify-checksums, wanda ke gwada kowane fayil da na asali da ke WordPress.org ya faɗi wanda ya ɓata ko ya sauya. Na gudanar da shi a kan duk fulogin ɗin shafin, ba na fom kaɗai ba, na kuma yi wa uwar manhajar irinsa, don ba mamaki wata sabuntawar ta taɓa yankewa a baya ba a lura ba. Duk suka fito lafiya, ban da ɗaya da aka saya a wajen rumbun, wanda wannan umarni ba ya iya tantancewa. Shi na gwada shi da hannu da kwafin mai shi.

Na kunna fulogin, fom ya dawo, sunayen ɗalibai suna nan cif. Na cike rajistar gwaji na ga ta shiga. Na mayar da WP_DEBUG a kashe, na goge debug.log, wanda a ƙarshe ya samu damar bayyana, domin barinsa a wurin tamkar barin taswirar shafin ne ga duk wanda ya san adireshinsa. Sannan na cire adiresoshin kalanda daga abin da za a riƙa ajiye kwafinsa, na rage tsawon rayuwar kwafin, na kuma rubuta a robots.txt, fayil ɗin da ake yi wa manhajojin injinan bincike jagora da shi, cewa kada masu yawon karatu su bi ranakun kalanda. Wannan na ƙarshe roƙo ne, masu mutunci ne kawai ke bin sa, shi ya sa ban dogara da shi kaɗai ba.

Da yamma malamar ta kawo maganar da na san za ta zo. "Malam, wannan sabuntawar da ke yin kanta cikin dare, a kashe mana ita gaba ɗaya. Ba na son in sake kwana shafi ya mutu."

Na fahimci tsoronta, amma ban goyi baya ba, na kuma faɗa mata dalili. Yawancin sabuntawar fulogin toshe ɓaraka ce da masu kutse suka riga suka sani, kuma shafin da ke riƙe da sunaye da lambobin ɗalibai bai kamata ya zauna watanni da ƙofa a buɗe ba. Abin da ya cutar da mu rabin tsari ne: fulogin na gudu, uwar manhaja a tsaye. Tun sigar 6.3 a 2023, WordPress yakan ajiye tsohon fulogin a foldar upgrade-temp-backup kafin ya sa sabo, in abu ya gaza ya mayar da shi. A sigar 6.6 ta 2024 aka faɗaɗa wannan kariya, ta yadda idan sabuntawar kai-da-kai ta jawo mummunan kuskure, shafin zai koma tsohuwar siga da kansa. Wato irin daren da ta kwana a ciki shi aka yi wa magani, shafin nata ne bai karɓi maganin ba. Muka yi yarjejeniya: a dakatar da sabuntawa har a rufe rajista, sannan in gwada sabuwar sigar a kan kwafin shafin. Gwajin a kwamfutata na yi shi, ba a asusun ba, don kwafi na biyu a can zai ninka yawan fayilolin da muka sha wahalar ragewa. Fasalin da ake tsoron zai wargaje, wuri biyu kawai ya bukaci gyara.

Akwai asarar da ba ta gyaru ba. Duk wanda ya zo rajista tsakanin tsakar dare da azahar ya tarar da farin allo ko shafi mara fom, kuma wasu saƙonnin da aka aiko a lokacin sun koma wa masu su. Malamar ta ƙara kwana biyu a kan wa'adin, ta sanar a duk inda take sanarwa.

Washegari ta turo mini wani hoton allo. Wasu saƙonnin da suka maƙale sun samu shiga akwatin bayan an buɗe hanya, a cikinsu har da guda biyu daga shafin kansa: ɗaya yana cewa sabunta fulogin ɗin fom ta gaza, ɗayan yana ɗauke da sunansa da sunan fayil ɗin da ya ɓata da mahaɗin gyara, wanda kwana ɗaya kawai yake aiki, har ya riga ya mutu. Na ce ta ba ni wani adireshin imel da ba ya zaune a wannan asusu, wanda take dubawa kullum a wayarta. Ta turo, na sa shi a matsayin adireshin mai gudanarwa, WordPress ya aika mata saƙon tabbatarwa, ta danna.